Mai kiwon kifi na awon ruwansa kowane mako, mu wa ya auna rijiyar makarantarmu?

Cikin watan da ya gabata wani tsohon ɗalibina da ke zaune a Faransa ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. A gidan wanda yake yi wa aiki ya ɗauka. Akwatin gilashi ne da ya kai tsawon gado, cike da ruwan gishiri irin na teku, ga kifaye masu launi kamar atamfa, ga kuma dangin murjanin nan da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya. Ashe halitta ce mai rai, kuma akwai masu kiwonta a tsakiyar falo. Yaron ya ce maigidan nasa ya kwana biyu ba walwala. Kowace Lahadi yakan ɗebi ruwan akwatin cikin ƴar kwalba, ya ɗiga magani, ya jira launi ya fito, ya gwada da wata takarda mai launuka, ya rubuta lamba a littafi. A wannan makon lambar sinadarin nitrat ta kai miligiram 25 cikin lita ɗaya, shi ne hankalinsa ya tashi. Nan take ya rage wa kifayen abinci, ya kwashe wani kaso na ruwan ya maye shi da sabo tatacce, ya ƙara ciyawar teku a wani ƙaramin akwati da ke haɗe da babban don ta riƙa tsotse sinadarin.

Na yi dariya har da ƙwalla, na ce wanda ya ƙoshi ba ya rasa abin damuwa. Daga baya dariyar ta koma ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa ruwan shan ɗan Adam miligiram 50 na wannan sinadari cikin lita, kuma saboda jarirai ta sa wannan iyaka. Mutumin can rabin haka ya gani a ruwan kifi ya kasa barci. Ni kuwa na yi shekaru ina koyarwa a ƙasar Kurfai, na sha rijiyoyi da famfunan makarantu ba adadi, ban taɓa ganin takarda guda a liƙe a ofishin darakta ba mai cewa ga abin da ke cikin ruwan da ɗalibai ke sha.

Bari in faɗi abin da nitrat yake, kada a ce ina tsorata jama'a da kalmar boko. Duk abin da ya ci ya sha sai ya yi kashi da fitsari, kifi ne ko saniya ko mutum. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna sarrafa wannan ƙazanta mataki-mataki: daga amoniya, wato warin nan mai yaji da ke bugun hanci a makewayi, zuwa nitrit, daga nan zuwa nitrat. Shi nitrat abincin shuka ne, takin yuriya da manomi ke zubawa ma can yake ƙarewa. Aibinsa shi ne ƙasa ba ta riƙe shi. Yana narkewa kamar gishiri, ya bi ruwa duk inda ya nufa. Abin da saiwa ba ta kama ba sai ya zarce ƙasa, ya tarar da ruwan da muke zura wa guga.

To, ku dubi inda Allah ya ajiye mu. Filinge, kilomita wajen 180 arewa maso gabas da Yamai, tana bakin Dallol Boso ne, tsohon kogin da ya ƙafe tun dubban shekaru ya bar mana kwari mai rairayi, wanda ya gangaro ta Tukunus, Filinge, Bonkuku da Baleyara har ya kai kogin Isa. Mutumin tudu yakan haƙa gaba da yawa kafin ya ga danshi, na kwari kuwa a wurare da dama gaba kaɗan ya isa. Wannan kusancin shi ya tara mutane da dabbobi a nan, shi ya sa noman rani ya kama ƙasa tun bayan farin 1984, lokacin da marigayi Seyni Kunce, ɗan Fandu a wannan yanki namu, ya matsa a kansa. Shi ne kuma ya sa dankalin Bonkuku ya yi suna har kasuwannin Yamai. Amma ƙofar da alheri ya shigo ta nan sharri ke bi. Rairayin da ya sauƙaƙa mana haƙa, shi ne ba ya tare komai. Masai, turken awaki, kwatamin shayar da shanu, buhun taki a garka, duka suna zaune a bisa ruwan shanmu, tsakaninsu da shi ƴan mitoci ne na yashi.

A nan nake da rigima da mu malamai. Akwai jumlar da kowane mushe ya taɓa rubutawa a allo, yara su maimaita har su haddace, a tambaye su a jarrabawa: ruwan sha mai kyau ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Ni ma na rubuta ta, na ba da maki a kanta. Rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ne mai kisa. Ruwa mai nitrat miligiram 200 garau yake kamar hawaye, ba wari, ba tsami. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to wannan ko tsamin ma ba ya yi, balle ya gargaɗe ka. Mun horar da ƙarni bayan ƙarni su yarda da idonsu da hancinsu a kan abin da ido da hanci ba su da iko a kai.

Wanda ke ganin na yi zafi ya tuna da Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. A 1985 aka fara ba mutanen garin ruwan wata rijiya mai zurfi. Ruwa ne garau, kowa ya yi murna. Sinadarin fuliyo ne ya yi masa yawa, aka kwashe shekaru sama da goma ana sha, sai da haƙoran yara suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, sannan ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ɗaga murya duniya ta ji. Sinadarin daban ne da wanda nake magana a kai, amma ruwan Tibiri ya ci jarrabawar allonmu ɗari bisa ɗari: ba launi, ba wari. Bayan abin da ya faru can, barin wannan jumla a littafin yara ba gyara sakaci ne.

Me nitrat ke yi a jiki? Babba mai lafiya yakan fitar da mafi yawansa ta fitsari. Jinjirin da bai kai wata shida ba shi ne abin tsoro, musamman ɗan ƙasa da wata uku. A cikinsa nitrat kan koma nitrit, ya shiga jini, ya ɓata sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi zuwa gaɓoɓi. Yaro na shaƙar iska amma jinin ya kasa ɗauka. Wani likita a jihar Ayowa ta Amurka, Hunter Comly, shi ya bayyana haka a 1945 bayan ya duba jarirai biyu da ake dama wa madara da ruwan rijiyar gona. Turawa na kiran ciwon da sunan shuɗin da fatar jariri ke yi, amma a fata irin tamu ba nan ake dubawa ba. Leɓe ake dubawa, da harshe, da dasashi, da farce: sai su yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, yaro ya yi laƙwas, numfashi sama-sama, ya ƙi kama nono. In aka ɗebi jininsa sai a gan shi ƙasa-ƙasa, ba ja ba. Akwai maganinsa a likita, kuma yana aiki da sauri idan an kai yaro da wuri an kuma gane abin da ke damunsa. Ku faɗa mini tsakani da Allah, a ƙauyukanmu jinjirin da ya yi haka da dare, sunan me ake ba ciwon? Iska, ko baki, ko a ce kwana ne ya ƙare. Wa zai tuhumi randa?

Ga kuma wurin da shawarar kirki ke juyewa. Mun koya wa iyaye mata su tafasa ruwa, kuma daidai ne, tafasa na kashe ƙwayoyin gudawa da kwalara. Nitrat ba ya mutuwa don ba rai gare shi ba. Tururi ke tashi ya bar shi a tukunya, saboda haka uwar da ta bar ruwa ya yi ta tafarfasa don ƙaunar ɗanta ƙara masa ƙarfi take yi. Ruwan jabel ba ya taɓa shi, ƙwayar Aquatabs ba ta taɓa shi, tacewa da ƙyalle ko zuba alam ko garin ƴaƴan zogale duk laka suke kwantarwa, shi yana nan. Kada wani ya tafi ya ce na hana tafasa ruwa. Cewa na yi a daina faɗa wa mutane wai tafasa ta gama komai.

Abin da ke tsare jinjiri yana gidan tun asali: nonon uwa zalla har wata shida. Ko uwa na shan ruwa mai nitrat, abin da ke ratsawa zuwa nono kaɗan ne ƙwarai. Haɗarin na shigowa ne ta ludayin kaka: ɗan ruwa don zafi ya yi yawa, bauri, jiƙo, madarar gwangwani da aka dama da ruwan rijiya. Ma'aikatan lafiya sun gaji da faɗar haka saboda gudawa, ga dalili na biyu da ba a cika ambata ba. Kuma su biyun tafiyarsu ɗaya, don jinjiri mai gudawa ya fi saurin kamuwa.

Na san amsoshin da za a ba ni, na ji su a majalisa fiye da sau ɗaya.

Za a ce kakanninmu sun sha wannan ruwa sun rayu. Ba wannan suka sha ba. Rijiyar kakanka tana bayan gari, mutanen garin ba su kai na unguwa guda ta yau ba, kuma bai taɓa ganin buhun 15-15-15 ba. Yau garin ya haɗiye rijiyar, gidaje sun kewaye ta, kowane gida da raminsa. Ga ƴan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan arewa sun ƙaru a kan rijiyoyin da dama sun yi mana kaɗan. Kai, ko dajin da ba masai a cikinsa ya canja. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da jami'ar Abdu Mumuni sun bi rijiyoyin gabashin Yamai, tsakanin kogi da Dallol Boso, suka tarar ruwan ƙasa ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da fari. Dalili shi ne sare daji: ruwan sama ya daina tsayawa a tudu, yana kwarara tafkuna ya nutse. Suka kuma tarar nitrat na ƙaruwa a ruwan, mafi yawansa daga ƙasar da aka sare wa itatuwa ya fito. Ashe gatari ma na zuba wa rijiya abin da ba mu gani.

Za a ce ana fama da zazzaɓin sauro da tamowa da makarantun da aka rufe, kai kana zancen sinadari. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan yi ƙarya in ce nitrat ya fi su kisa ba. Ciwon mai tsanani ya fi aukuwa ne inda lambar ta zarce iyaka nesa, galibi a rijiyar da ƙazanta ta riga ta shiga. Amma nan ɗin ne amfanin awon. Nitrat ɗan aike ne. Idan ka same shi da yawa a rijiyar tsakiyar gari, yana shaida maka cewa akwai hanya tsakanin masai da ruwan shanka, kuma hanyar da ya bi ita ƙwayoyin gudawa da taifot ke bi idan damina ta sauka. Malamin da ke ƙirga yaran da ba su zo aji ba saboda ciwon ciki, maganarsa nake yi. Ɗan aji huɗu ba jinjiri ba ne, na yarda. Amma famfon makaranta shi unguwa ke ɗiba, yarinyar aji shida ita ke ɗauko ruwa ita ke goyon ƙanenta, kuma nan da ƴan shekaru ita ce uwar.

Za a ce in an auna aka tarar ba kyau, sai mu sha me? Wannan ita ce tambayar da ta fi sa ni baƙin ciki, don da ita manya ke fakewa su ƙi awon gaba ɗaya. Ba wanda ya ce a cike rijiya. Ruwa mai nitrat yana wanki, yana wanka, yana kwaɓa ƙasar gini, a garka kuwa taki ne kyauta, mai shi ma sai ya rage yuriya. Abin da ake bukata shi ne a san wace rijiya ce ta sha, wace ce ta aiki, kuma wace ce ba a kusantar jinjiri da ita. A gari guda rijiyoyi biyu da ke tsakaninsu tafiyar minti biyar kan bambanta nesa. Wanda bai auna ba, da me zai zaɓa?

Dabarun mutumin can mai akwatin kifi su ne namu, girma ne kawai ya bambanta. Ya fara da rage abin da ke shiga, sannan ya surka da ruwa mai kyau, sannan ya sa tsiro ya tsotse saura. Rage abin da ke shiga a wurinmu shi ne nesanta masai. Ƙa'idar da masu aikin ruwa ke bi ita ce aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, masai ya kasance ta gangare, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A rairayin dallol mita 30 ɗin ma mafi ƙaranci ce, don nitrat ya fi ƙwayar cuta nisan tafiya. An yi ta yawo ƙauye-ƙauye ana kiran mutane su daina bahaya a fili su haƙa masai, kira ne mai kyau, har ana kafa allo a bakin gari. Sau nawa aka tsaya aka nuna wa maigida inda zai haƙa? Na ga gidan da mai haƙar masai ya yi ta zurfafawa har ya taɓa danshi, maigida na murna wai ramin ba zai cika da wuri ba. Rijiyarsa na taku goma daga nan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: iyaye, wannan namu ne, ba gwamnati ta haƙa mana ba. Haka turke a gindin rijiya, haka kwatamin shanu da ke malala ya koma bakinta. Daɓen siminti, murfi, da lambatun da zai kai ruwan nesa ba su fi ƙarfin kwamitin gari ba.

Surkawa kuma ita ce haɗa ruwan rijiya mai zurfi da na sama-sama a shato, ko tara ruwan sama daga kwanon aji, wanda kusan ba nitrat a cikinsa in an tsabtace tanki. Rijiyar burtsatse mai zurfi takan tsira, da sharaɗin an toshe wuyanta da siminti yadda ruwan sama-sama ba zai zurara ta gefen bututu ba. Wannan aiki ne da ɗan kwangila mai gaggawa ke iya tsallakewa ba wanda ya gani, don a ƙarƙashin ƙasa yake. Injin tacewa irin na mai kifi yana cire nitrat, amma yana son wuta da kayan sauyi, kuma yana zubar da ruwa mai yawa, ban ga makarantar ƙauyen da za ta riƙe shi shekara biyu ba. Wani bambanci guda kuma kada a ruɗe mu a kansa: shi cikin makonni lambarsa za ta sauka, ruwan ƙasa kuwa ko an janye masai yau sai ya ɗauki shekaru kafin ya washe. Duk daminar da aka ƙara ana jira, ƴaƴan da ba a haifa ba ake ɗora wa bashinta.

Hukumomi da masu furoje su ma ga nasu. Nijar na da dokar ruwa tun 2010, akwai ofishin ma'aikatar ruwa a matakin gunduma, akwai ɗakin awo na ƙasa a Yamai. A ƙa'ida ana auna ruwan sabuwar rijiya kafin a miƙa ta. To ina takardar take zuwa? Allon da ke jikin famfo yana ɗauke da sunan wanda ya ba da kuɗi, da tutarsa, da shekarar, wani lokaci har da zurfin ramin. Lambar da ta shafi cikin yaro ita ce babu. Kuma awon ranar buki, ko an yi shi, bai ce komai ba a kan shekara goma da ta biyo baya, bayan unguwa ta taso kewaye da wurin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya iya biyan mota da mai da abincin baƙi ranar yanke ƙyalle, ya iya biyan kwalin tsinken awo.

Tsinke na ce, don abin ba ya bukatar digiri. Ƴar takarda ce siririya, a tsoma ta cikin ruwa, a jira kamar minti guda, a gwada launin da na jikin kwalin. Ba ta kai awon ɗakin bincike daidai ba, amma ta isa ta raba 10 da 50 da 100, kuma rijiyar da ta nuna sama da iyaka ita za a ɗebi ruwanta a aika Yamai a tabbatar. Malami ya kula da abu ɗaya: wasu kwalaye, musamman na Amurka, nitrojin ɗin da ke cikin nitrat suke ƙirgawa, a wurinsu iyaka 10 ce, sai an ninka lambarsu da 4.4 kafin a gwada ta da 50. Ga lissafi, ga kimiyya, ga taswira, duk a darasi guda. A ba ƴan aji shida igiya mai ƙulli kowace mita, su zana unguwarsu, su sa alamar kowace rijiya da kowane masai da kowane turke, su auna tazara. A tsoma tsinke sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar rani, a rubuta lambar da fenti a jikin rijiyar tare da kwanan wata, inda mai ɗiba za ta gani.

Taron kwamitin makaranta da na iyayen yara yana tafe, ƙungiyar uwaye ma za ta zauna. A cikin kuɗin da ake tarawa na alli da gyaran rumfa a ware na kwalin tsinke guda. A rubuta wa magajin gari da ofishin ruwa takarda, darakta da shugaban iyaye su sa hannu, a nemi kwafin awon rijiyar makaranta na ƙarshe: yaushe aka yi shi, nitrat nawa, fuliyo nawa. In sun kawo, a liƙa a ƙofar aji. In sun ce babu, a rubuta amsar tasu da ranar da suka ba da ita cikin littafin kwamiti, a karanta wa iyaye a taro na gaba.